Munduwa a Ƙafar Dama

Kebbe, watan Sha'aban, 1955

Daga kawunka Dogo zuwa ga Jumare ɗan Hadijatu, a Tambuwal.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Bara'atu. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya matsa mana, da idona da ke ƙara dushewa. Dada, uwar gidana, tana gaishe ku. In ka ga rubutun nan manya-manya kamar sawun raƙumi kada ka yi dariya, haka kaɗai nake iya ganin abin da hannuna ke yi.

Bayan haka, Sambo falke, wanda zai kawo maka takardar nan, ya gaya mini Alhaji Ɗan'iya ya damƙa maka babbar motarsa, kai ne direbanta tsakanin Tambuwal da Sakkwato. Na ji daɗi har na kasa gama tuwona. Ni da uwarka kakanninmu ne suka fito ɗaki ɗaya, wasu za su ce zumuntar ta yi nisa, amma duk danginmu masu bin shanu, ni da kai kaɗai muka bi ƙarfe. A Kebbe ba ni da abokin hirar mota. Da na fara sai Dada ta tuna tana da daka.

Ga abin da zan gaya maka. Kowace safiya ka zagaya motar ka duba ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, iska da notuna, kafin ka sa komai a bakinka. Kada ka bar wa kowa wannan aikin.

Na kuma ba Sambo munduwata ta ƙarfe, wadda ta je yaƙin Bama tare da ni ta dawo. A sa ta a ƙafar dama, don ita ce mai aiki, ran mutane da dukiyarsu a kanta suke. Kada ta rabu da ƙafar muddin mota na tafiya, kuma ba abin nuna wa mutane ba ce. Ni na gama da ita.

Allah ya tsare hanya.

Tambuwal, watan Azumi

Zuwa ga Kawu Dogo, daga ɗanka Jumare.

Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, ina yi muku barka da shan ruwa, kai da Inna Dada. Mu duka lafiya. Bara'atu ta ce a yi maka sannu da ido.

Takardarka ta iso, munduwa ma ta iso. Kawu, ban san yadda zan gode maka ba. Tun ina yaro nake jin labarin Kofur Dogo da ya hau duwatsun Bama da mota cike da soja, rami a hagu, rami a dama, bai taɓa kifar da kowa ba. Saboda labarin nan na bar kiwo, har babana ya daina yi mini magana damina guda. Na kai munduwar wurin Na'iya maƙeri, ya matse ta a ƙafar dama tamau, ko motsi ba ta yi, kuma ba mai ganinta.

Sai dai ina da damuwa, kuma ba wanda zan kai wa ita sai kai. Motar ta kama rawa. Daga Tambuwal lafiya muke tashi, amma da mun wuce Dogon Daji, inda leburori suka gyara hanya ta miƙe sumul, daidai wata babbar tsamiya, sai ta kama kyarma kamar mai masassara. Kwanukan mata su yi ta kaɗawa a baya, haƙorana suna haɗuwa. Da mun wuce wurin muka koma kan gargada sai ta bari.

Yanzu magana ta cika tasha. Wata tsohuwa mai kai daddawa Sakkwato ta sauka tana cewa, "Iskokin tsamiyag ga ba su son direban ga, shi na sunka ƙi, ba motar ba." Jiya fatake uku suka sauke buhunansu suka jira wata mota. Alhaji bai ce mini komai ba tukuna, amma ya fara amsa gaisuwata a taƙaice. Na duba iska, na ɗaure notuna, na canza mai. Ban ga komai ba.

Kebbe, bayan Ƙaramar Salla

Jumare, barka da Salla. Muna lafiya, ruwa ya sauka, mun yi shuka.

Na karanta takardarka sau biyu, Dada ta riƙe mini ita a rana. Ka bar tsohuwar nan da iskokinta. Na wuce tsamiyoyi a ƙasa uku, ba wadda ta taɓa girgiza mini mota. Amma kada ka raina ta, ta lura da abin da ya kamata ka lura da shi, wato abin a wuri ɗaya yake faruwa. Sauran a san ko wurin ne ko abin da kake yi a wurin.

Mota ba ta ƙarya, sai dai ba ta amsa tambaya biyu a lokaci guda. Ka yi mata su ɗaya ɗaya, ranar da ba ka ɗauki mutane ba.

Ka fara wuce tsamiyar nan a hankali, kamar mai rakiyar gawa. Sannan ka nemi wani wuri mai santsi, ko kwaltar shiga Sakkwato, ka sake mata ƙafa, idonka a kan allurar agogon gudu. In wuri ne za ka sani, in gudu ne za ka sani.

In rawar ta zo, kada ka tsorata ka taka birki. Ka saurari jikinka. A ina take shigar ka, ta tafin hannu daga sitiyari, ko ta mazaunai daga kujera? Hannu na gaba ne, mazaunai na baya ne, ko na farfela, dogon ƙarfen nan da ke juyawa a ƙarƙashin mota yana kai ƙarfi baya. Wani Bature saje da ya koya mana aiki yakan ce wandon direba ya fi kansa ilimi. Mun yi ta dariya, amma gaskiya ya faɗa.

Na ƙarshe, tana cikin rawar ka fitar da ita daga giya, ka sa ta firi, inji ya huta, ta gangara da kanta. In rawar ta tsaya, ka tuhumi inji. In ta ci gaba, inji ya fita daga zargi.

Ka rubuto mini abin da ta ce, kada ka ƙara mata gishiri.

Tambuwal, ƙarshen watan Ƙaramar Salla

Kawu, ina gaisuwa, ina fatan shuka ta fito da kyau. Mu lafiya, sai dai Bara'atu na laulayi, in Allah ya yarda za mu ƙaru.

Na yi yadda ka ce, kuma wallahi ji na yi kamar kana zaune kusa da ni. Na wuce tsamiyar a hankali, ko ganye bai kaɗa ba, har na yi mata sallama. Na je kwaltar Sakkwato inda babu ko geza, da allura ta kusa mil arba'in sai ga rawa ta dawo. Ashe duk hanyarmu wurin tsamiyar nan ne kaɗai nake samun sararin kaiwa arba'in. A hannu take shigata, sitiyari yana fizga kamar na riƙe akuya a kunne, kujera kuwa shiru. Na sa ta firi, ba ta bari ba sai da gudu ya ragu.

Na tsaya gefen hanya na yi ta mamakinka. Kana Kebbe, ba ka taɓa ganin motar nan ba, idonka ma ba ya gani sosai, amma da tambaya uku ka raba ta gida-gida ka nuna mini gaba. Ni da nake kwana a cikinta ban yi wannan tunanin ba.

To amma Alhaji ya yi magana. Ya kira ni zaure ya ce, "Jumare, ban ce ka yi laifi ba. Amma motag ga lafiya lau take kafin ka hau ta, kuma mutane sun fara gudunta. Na ba ka zuwa jigilar ragunan Layya. In ba ta bari ba, Lauwali nika ba makulli." Lauwali shi ne direban da ya riƙe ta kafin ni. Alhaji mutumin kirki ne, ba zan ga laifinsa ba. Na ce masa zan riƙa tafiya ƙasa da talatin, ya ce mota mai tafiyar jaki kasuwa take tararwa a watse.

In aka karɓe ta da sunan iskoki sun ƙi ni, ba mai sake ba ni mota daga nan har Jega. Ina jin tsoron wannan ƙwarai.

Kebbe, watan Zulkida

Ɗana Jumare, muna lafiya. Dada ta yi guɗa da ta ji labarin Bara'atu, har awaki suka watse.

Ka yi aiki mai kyau. Da yawa in an ce su gwada abu uku sai su gwada ɗaya su ƙaga sauran. Kai ka yi duka, har da sallama ga tsamiya.

Yanzu saura ƙafa biyu na gaba. Ƙafar mota tana son nauyinta ya zama daidai ta kowane gefe. In gefe ɗaya ya fi nauyi, a hankali ba ka ji, amma da gudu sai ta riƙa dukan ƙasa. Ka ɗaura dutse a gefen faifai ka juya shi a kan yatsa, za ka gane abin da nake nufi.

Ka ɗaga ƙafar hagu da jak har ta bar ƙasa. Ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza, ka ji ko tana da wasa. Sannan ka juya ta ka sake, ka bar ta ta tsaya don kanta, ka yi zane da gawayi a inda ya kalli ƙasa. Ka maimaita. In kowane juyi wuri dabam take tsayawa, lafiyarta lau. In kullum zanen nan ne ke komawa ƙasa, to nauyi na nan. Ka yi wa ta dama haka. In ka sami mai laifi, ka leƙa bayanta. Laka ce ta bushe a ciki, ko wani ya cusa ƙaton faci na tsohuwar taya, ko ƙarfen ya lanƙwashe. Ka sa safaya a madadinta ka gwada hanya, don ka tabbata.

Duk abin da ka samu, ka cire shi ka yar, kada ka ji tausayinsa. Ka yi sauri ka ba Sambo amsa, rafin da ke tsakaninmu ya fara cika.

Tambuwal, watan Zulkida

Kawu, ina gaisuwa. Muna lafiya.

Na gano ciwon. Yana ƙafar dama, daidai wurin munduwa. Ita ce ke kawo rawar, ba ni da sauran shakka.

Ka ce kada ta rabu da ƙafar muddin mota na tafiya, kuma ba za ta rabu ba. Abin da ya kai ka Bama ya dawo da kai ba ni zan cire shi in yar ba. Zan jure. In Alhaji ya karɓi makulli, ya karɓa. Kada ka sa abin a ranka.

Kebbe, farkon watan Layya

Jumare,

Ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba. Takardarka ta daɗe a gindin rafi tare da jakunan Sambo, sai jiya ta iso a jiƙe, kuma tun da na karanta ta hankalina bai kwanta ba. Na ɗauka shirun da ka yi aiki ne ya yi maka yawa, ashe ciwo kake ɓoye mini.

Wane irin taurin kai ne wannan? Munduwa ta ci maka ƙafa har tana kyarma a kan totur, ka ce za ka jure? Laifina ne da ban gaya maka ba. Ni ma da farko ta yi mini gyambo a idon sawu, sai na naɗe ta da tsumma, daga baya fata ta saba. Kuma ni ƙato ne, kai kuwa Sambo ya ce siriri ne kamar karan dawa. Na'iyan nan naku wane irin maƙeri ne da zai matse ƙarfe a ƙafar mutum har ba ya motsi? Ka je yau ya buɗe ta. Dada ta aiko da man kaɗanya, a wanke gyambon da ruwan gishiri a shafa. In ya yi ruwa ka je asibiti, kada ka tsaya wasa, na ga yadda ƙafa ke ruɓewa a daji.

Bari in gaya maka abin da munduwar take, tun da ka ɗauke ta da girma haka. Innata ce ta sa aka ƙera mini ita da za mu tafi. Tsari na Allah ne, ƙarfe ba ya tsare kowa. Amfaninta ɗaya, duk sanda na ɗaga ƙafa daga totur zuwa birki sai ta bugi idon sawuna, sai in tuna akwai tsohuwa a Kebbe tana jirana. Shi ya hana ni gangancin da ya kashe abokaina. Don haka na ba ka, ba don ta gurgunta ka ba.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. A duk shekaruna ban taɓa jin kyarmar ƙafar direba ta fizgi sitiyari ba, balle a firi. Ka warke tukuna, sannan ka ɗaga ƙafafun motar kamar yadda na ce.

Tambuwal, bayan Babbar Salla

Kawu, barka da Salla. Ina gaisuwa da ƙafafuna biyu, dukansu lafiya lau, babu gyambo ko ɗaya. Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Takardarka ta same ni saura kwana kaɗan a fara jigilar raguna, na riga na wanke motar don in miƙa wa Lauwali. Ina karanta wa Bara'atu, na zo wurin man kaɗanya, na tsaya ina tunanin yadda ake shafa wa taya man kaɗanya. Ta ajiye tankaɗe ta ce, "Mi ka ce? Koma wurin idon sawu." Na koma. Ta dube ni ta ce, "Malam, ƙafakka Kawu shika nufi, ba ta mota ba." Sannan ta kama dariya har sai da ta riƙe cikinta, na ji tsoro kada ta jawo mana haihuwa ba lokaci ba.

Kawu, a ƙafar mota na sa ta. Ka yi maganar duba ƙafafun mota, ka ce a sa munduwa a ƙafar dama mai ɗauke da ran mutane, na dubi girmanta na ga ko cinyata za ta shiga, ban yi wani tunani ba. Na'iya ya zura ta ta ramin ƙarfen ƙafar gaba, daga ciki, ya matse. Washegari rawa ta fara, amma ko a mafarki ban haɗa ta da kyautarka ba, sai ranar da na ɗaga ƙafar na ga zanen gawayi yana komawa ƙasa, munduwa na bayansa. Na sa safaya, mota ta tafi sumul. Na zauna a ƙasa na daɗe, sannan na mayar da ƙafa mai munduwar.

Na dai yi wata dabara kafin takardarka ta zo. Na ce tun da nauyi ne a gefe ɗaya, bari in ɗaura wani ƙarfen a ɗaya gefen. Rawar ta ragu sosai, amma waya ce na ɗaure da ita, kusa da Jabo ƙarfen ya fice ya fasa wa wata Bafillatana ƙwaryar nono. Na ba ta haƙuri da ƙyar.

Da takardarka ta zo, na sa Na'iya ya cire munduwar daga ƙafar mota, sannan na je na gaya wa Alhaji komai, ban rage ba. Na yi zaton kora. Sai ya ce, "Kai ad da niyyar barin makulli don maganar tsoho?" Na ce haka ne. Ya ce in tada mota. Ya shiga gaba, ya ɗora kwanon ruwa a cinyarsa, muka wuce tsamiyar Dogon Daji allura na kan arba'in, ko ɗigo bai zuba a rigarsa ba. Da muka dawo ya ce makulli nawa ne. Ni na kai ragunan Layya Sakkwato, tsohuwa mai daddawa ma ta dawo, tana gaya wa mutane iskoki sun yafe mini.

Yanzu duk tasha Mai Munduwa suke kirana, Lauwali ne ya raɗa mini. Na'iya ya rage mata faɗi, Bara'atu ta naɗe ta da tsumma, tana ƙafata ta dama. Tana bugun idon sawu kamar yadda ka ce.

Kebbe, watan Muharram

Ɗana Mai Munduwa,

Muna lafiya, gero ya fara fitar da kai. Na karanta wa Dada takardarka, ta ce in da na iya magana kamar mutane da ba a sha wannan wahalar ba, wai shekara talatin tana fama da ni a kan haka. Ni kuwa na yi dariya har hawaye, daga baya na lura dariyar ta ƙare hawayen bai tsaya ba.

Ka ce kana mamakina. Abin da na gaya maka kowane tsohon direba zai gaya maka. Amma ƙarfen da ka ɗaura a ɗaya gefen ba wanda ya koya maka, kuma haka manyan makanikan soja suke yi, sai dai su da dalma suke yi, ba sa fasa ƙwaryar kowa. Ka riga ka wuce ni a nan. Ɗayan abin kuma, na makulli, ban san abin da zan ce ba. Ban haifi ɗa namiji ba, ban kuma zaci akwai wanda zai ajiye abincinsa don kalma ɗaya tawa ba. Kada ka sake yin haka, ko don ni. In maganata ta saɓa da abin da mota ta gaya maka, ka bi motar ka rubuto mini.

Ina da roƙo. Tun da ido ya hana ni tuƙi ban sake shiga gaban mota ba. In ruwa ya ɗauke, rafi ya janye, ka nemi izinin Alhaji ka zo cin kasuwar Kebbe, ka ɗauke ni zuwa miƙaƙƙiyar hanyar nan ta Dogon Daji. Ba zan ga allura ba, kai za ka gaya mini in ta kai arba'in. So nake in ɗora tafin hannuna a kan sitiyari kusa da naka, in ji shiru.

Tambuwal, bayan kaka

Kawu, ina gaisuwa. Bara'atu ta sauka lafiya, namiji ne, sunanka na yanka aka sa masa.

Sambo ya ce rafi ya janye. Alhaji ya ba da izini tun kafin in gama tambaya. Kasuwar Kebbe mai zuwa ina tafe, na kuma gaya wa 'yan tasha kada wanda ya nemi kujerar gaba, tana da mai ita. Ka ce wa Inna Dada ta fito maka da rigar soja. Tun da na fara jin munduwar nan a idon sawuna, mutum biyu nake tunawa a Tambuwal, ɗaya a Kebbe.

Ɗanka,
Jumare